“Karen Mota” ta Ɗanmaraya Jos a Gurbin Kundin Fari: Waƙar da Ta Fito da Makaɗin Kuntigi

Tsakure

Manazarta kiɗa a Turai da Amurka sun saba auna mawaƙi da kundinsa na farko, wato tarin waƙoƙin da ya fara fitarwa a faifai guda. Wannan ma’auni bai zauna daidai a kan makaɗan baka na Hausa ba, domin akasarinsu sun yi suna a dandali da gidajen rediyo tun kafin wani kamfani ya tattara waƙoƙinsu. Maƙalar ta ɗauki “Waƙar Karen Mota”, wadda aka san ta a matsayin waƙar farko ta Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, ta dube ta a gurbin da kundin fari yake cikawa a wasu al’adu. An yi bayanin abin da waƙar ta sauya game da wanda ake yi wa waƙa da wanda yake biya, da yadda kiɗan kaɗaita na kuntigi ya ba da damar wannan sauyi. An kuma kawo misalin ƙasar Roni da maƙwabtanta domin nuna hanyar da waƙar ta bi ta isa kunnen mutanen karkara.

1.0 Gabatarwa

A tashoshin motar da ke kan hanyar Kano zuwa Daura, da ƙananan tashoshin da ake hawa daga Kazaure zuwa Roni ko Gwiwa, akwai wani ma’aikaci da kowane matafiyi ya san fuskarsa, amma ba kasafai ake tambayar sunansa ba. Shi ne mai kiran fasinja, shi ne mai ɗora buhunan hatsi ya ɗaure su da igiya, shi ne mai dirowa da gudu ya sa weji idan mota ta tsaya a hawa. Idan taya ta fashe shi zai shiga ƙarƙashi, idan an isa masauki shi zai kwana gadin kaya. Mai ladabi yakan kira shi yaron mota. Sauran jama’a kuwa karen mota suke ce masa, sunan da raini ya bayyana a cikinsa tun daga kalmar farko.

Wannan mutum ne Ɗanmaraya Jos ya zaɓa ya buɗe bakinsa da shi a fagen waƙa, kuma har ya rasu ranar 20 ga Yuni, 2015, waƙar tana sahun gaba cikin waɗanda ake tuna shi da su. Abin da maƙalar nan take son tabbatarwa shi ne cewa zaɓen karen mota da zaɓen kuntigi abu ɗaya ne. Makaɗin da ba shi da ’yan amshi da zai ciyar shi ne yake da ikon yi wa marar abin hannu waƙa, kuma daga wannan haɗuwa ce sauran ayyukan Ɗanmaraya suka tsiro.

2.0 Kundin Fari da Matsalar Aron Ma’auni

Kalmar albam, wadda mawaƙan zamani suka aro, ta samo asali ne daga ƙarancin wuri a jikin faifan garmaho. Tsohon faifai mai juyi 78 a minti bai ɗaukar fiye da kimanin minti uku a kowane gefe, saboda haka idan kiɗa ya yi tsawo sai a raba shi a faifai da yawa, a jera su cikin wani littafi mai aljihuna irin na ajiye hotuna. Sunan littafin ne ya bi kiɗan. A shekarar 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango, wanda gefe guda yake ɗaukar kimanin minti ashirin, daga nan tarin waƙoƙi goma ko fiye ya zama aiki guda mai suna da hoto da shekarar fita. Bahaushe kuwa da ya ga abin, sai ya duba ɗakin matarsa ya ba shi sunan faifan da ake rufe ƙwarya da shi, domin siffar ɗaya ce.

A al’adar da ta ginu a kan wannan faifai, kundin fari ya zama shaidar haihuwar mawaƙi. Misalin da aka fi kawowa shi ne na Bob Dylan a Amurka, wanda kundinsa na farko ya fito a 1962 ɗauke da waƙoƙi goma sha uku, biyu kawai daga ciki ne nasa na ƙashin kansa, sauran na gargajiya ne ko na magabatansa. Duk da haka manazarta suna komawa gare shi domin su ga inda murya da salon suka faro.

Da zarar an ƙetaro Afirka ta Yamma sai lissafin ya rikice. Boubacar Traoré na ƙasar Mali ya cika gidan rediyon ƙasarsa da jita da murya a shekarun 1960, amma kundinsa na farko da ya shiga kasuwar duniya, “Mariama”, sai a 1990 ya fito. Malam Mamman Barka na Jamhuriyar Nijar ya daɗe da shahara da gurmi a rediyo da kaset kafin wani kamfanin Ingila ya fitar masa da kundi a 2009, inda aka gabatar da shi ga Turawa kamar sabon shiga, yana kaɗa biram na Buduman Tafkin Chadi. A duka misalan biyu, abin da kasuwa ta kira farko ya zo ne bayan mutanen gida sun haddace mawaƙin. Duk manazarcin da ya ɗauki shekarar kundi a matsayin shekarar somawa zai yi kuskuren shekaru ashirin ko talatin.

Hausawa suna da nasu ma’aunin. Ga ƙololuwar fasahar makaɗi suna da kalmar bakandamiya, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa da Mamman Shata kowanne yake da tasa. Ga mafari kuwa sukan ce “waƙar da ta fito da shi”. Waƙa guda ce ake nufi, wadda daga ita jama’a suka daina tambayar ko wane ne wannan. Ita ce take yin aikin da kundin fari yake yi a wancan ɓangare, wato ta sanar da murya da abin kiɗa da kuma irin mutanen da makaɗin ya zo ya yi magana a kansu. A wajen Ɗanmaraya, “Karen Mota” ta cika waɗannan sharuɗɗa duka.

3.0 Maraya a Garin Kuza

An haifi Adamu Wayya a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi bayansa. Sarkin ne ya riƙe yaron, kuma daga wannan maraici laƙabinsa ya samo asali. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana yaro ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, da ya dawo gida ya haɗa nasa.

Abubuwa biyu ne a cikin wannan taƙaitaccen tarihi suka shafi batun maƙalar. Na farko, Ɗanmaraya ɗan makaɗin fada ne wanda bai gaji ƙungiyar mahaifinsa ba. Ɗan makaɗi yakan tashi yana ɗaukar ganga, ya shiga amshi, ya koyi sunayen kakannin ubangida, sannan wata rana ya karɓi jagoranci. Mutuwa ta yanke wannan sarƙa, ta bar shi da jinin kiɗa ba tare da kayan kiɗa ko ubangidan gado ba.

Na biyu shi ne garin da ya tashi. Bukuru da Jos garuruwa ne da haƙar kuza ta tara. Tun farkon ƙarni na ashirin leburori daga lardunan Arewa suke kwarara can, wasu ’yan cin rani, wasu kuma dole ta kai su, musamman tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Ingila ta rasa kuzar Malaya a hannun Japan ta koma ɗibar mutane da ƙarfi zuwa ramukan Filato. Ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Bukuru a 1914 an rufe shi a 1957, lokacin Adamu yana ɗan shekara goma sha ɗaya, abin da ya ƙara wa manyan motoci muhimmanci a wannan hanya. Bahaushen Bukuru baƙo ne a cikin baƙi, kuma abin da yake bambanta shi da maƙwabcinsa aikin da yake yi ne da ladan da yake karɓa a ƙarshen mako. Ba a yawan tambayar wane ne kakan wane a layin karɓar albashi. Yaron da ya buɗe ido a irin wannan wuri, direba da lebura da mai tura amalanke su ne jama’arsa.

Akwai wani abin lura a jikin kuntigin kansa. Gwangwanin kifi ne mai siffar ƙwai, aka rufe shi da fatar akuya, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiya guda. Gwangwani kuwa ƙarfe ne da ake shafe shi da kuza domin kada ya yi tsatsa. Ma’adinin da aka haƙa a Filato aka tura Turai, irinsa ne yake dawowa kantunan Jos a jikin gwangwani, a cinye kifin a yar, maraya ya tsinta ya mayar da shi abin kiɗa.

4.0 Wanda Aka Yi wa Waƙa

A maƙalarsa ta 1957 a mujallar Africa, M. G. Smith ya bayyana roƙo a matsayin hanyar da al’ummar Hausawa take bi tana shelanta abubuwan da take girmamawa, wato asali da sarauta da dukiya da kyauta. Maroƙi yana ɗaga wanda ya cancanta bisa wannan ma’auni, ya kuma yi wa marowaci ko abokin hamayya zambo. Idan aka bi tubalan da Sa’idu Muhammad Gusau ya fitar na ginin turken yabo a waƙoƙin fada, za a tarar da ambaton nasaba da jarunta da riƙon addini da iya mulki da yawan kyauta. Karen mota ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan a idon jama’a. Ba a san gidansu ba, sau da yawa ma gudowa ya yi daga gidan.

Za a iya cewa ai yi wa mai sana’a waƙa ba sabon abu ba ne, kuma gaskiya ne. Manoma suna da gangar noma, mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, mafarauta suna da komo. David Ames da Anthony King sun jera irin waɗannan kaɗe-kaɗe a ƙamusunsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971. A ƙasar noma irin ta Roni da Gwiwa da Babura, kiɗan gayya tsohon abu ne, kuma gwarzon manomi yakan ji kirarinsa a bakin kunya tun kafin a san rediyo. Amma waɗannan sana’o’i ne na gado. Kowace tana da sarkinta, Sarkin Noma ko Sarkin Fawa ko Sarkin Maƙera, tana da takenta, tana da tarihin da makaɗi zai jingina da shi. Yabon mahauci yabo ne na ɗan gidan fawa, saboda haka bai fita daga tsarin da Smith ya bayyana ba, ƙaramin tsani ne a jikin babban tsani. Aikin karen mota kuwa mota ce ta zo da shi. Ba shi da sarki, ba shi da take, ba a gadonsa, kuma mai yin sa ba ya fatan ya mutu a cikinsa, burinsa ya koyi tuƙi ya bar wa wani.

Haka nan ba za a ce ƙasƙantaccen mutum bai taɓa shiga waƙar Hausa ba. Ya shiga, amma ta ƙofar dariya. ’Yan kama da ’yan gambara sun daɗe suna kwaikwayon mayunwaci da gwauro da baƙauye domin taro ya yi nishaɗi, makaɗan fada kuma sukan siffanta marar galihu idan suna son su muzanta abokin adawar ubangidansu. Abin da Ɗanmaraya ya yi shi ne ya ɗauko wannan mutum daga gefen waƙa ya ajiye shi a tsakiyarta, ya sa wahalarsa ta zama turke.

To, da me za a cika ɗiyan waƙar idan babu kakanni da za a lissafa? Da aiki. Inda makaɗin fada zai jero sunayen magabata, makaɗin kuntigi sai ya jero abin da hannu yake yi, canjin taya da turin motar da ta mutu da fama da fasinja. Yabo ya koma siffantawa. Wannan sauyi yana da nauyi ta fuskar adabi, domin jerin nasaba abu ne da ake haddacewa daga magabata, siffanta aiki kuwa sai wanda ya tsaya ya duba da idonsa. Turken waƙar bai rataya a wuyan wani mutum guda mai suna ba, jinsin ma’aikaci ne gaba ɗaya, saboda haka kowane yaron mota daga Jos har Kazaure yana iya cewa da shi ake.

An saba kiran waƙar yabo, kuma ba a yi kuskure ba, sai dai yabo ne mai kaifi biyu. Ɗanmaraya bai sauya wa gwarzonsa suna ba. Da ya so, da ya kira shi yaron mota ko mataimakin direba, amma ya bar masa sunan da tasha ta raɗa masa, ya kuma maimaita shi har ya zama sunan waƙar. Mai sauraro yana murmushi saboda sunan, yana kuma jin nauyin abin da ake faɗa a kan mai sunan, kuma waƙar ba ta zaɓar masa ɗaya daga ciki ba. A nan ne ƙarfinta yake. Da ta zama tausayi zalla, da ta yi kama da wa’azi, kuma da wuya ’yan tasha su riƙe ta. Da ta zama zolaya zalla, da ta bi sahun gambara an yi dariya an wuce.

Sai tambayar da kowane makaɗi yake yi wa kansa kafin ya ɗaura ganga: wa zai biya? Sarki yana ba da doki da riga, attajiri yana ba da mota ko kujerar Makka. Karen mota ba ya iya ba da ko ɗaya. Wanda ya yi masa waƙa ya san ladansa zai fito ne daga taron da ya kewaye shi, kowa da ɗan abin da ya sawwaƙa, daga baya kuma daga gidan rediyo da mai sayar da faifai. Ubangida ya tashi daga mutum ɗaya ya koma jama’a. Mamman Shata ma ya yi wa direbobi da mutanen bariki waƙa, kuma nazarin da Ɗandatti Abdulƙadir ya yi a kansa a Jami’ar Indiana a 1975 ya nuna faɗin fagen makaɗin jama’a. Bambancin shi ne yawancin gwarazan Shata mutane ne masu suna da abin hannu, waɗanda za su iya tashi a tsakiyar fili su yi kari.

5.0 Mutum Ɗaya, Tsirkiya Ɗaya

A waƙar ƙungiya, ’yan amshi suna yin ayyuka da dama a lokaci guda. Suna ba jagora damar numfasawa da tsara ɗan waƙa na gaba, suna maimaita gindin waƙa har ya zauna a kan mai sauraro, suna kuma ƙara wa sautin kauri yadda zai cika ƙofar fada. A gidan Shata amshin layi ne guda da ba ya sauyawa. A gidan Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo kuwa ’yan amshi suna karɓe zance daga bakin jagora su ƙarasa shi, har su yi ƙari. Ko ta wace hanya, ƙungiya baki ce mai yawa, kuma kowane baki yana da iyali. Makaɗin da yake tafe da mutum takwas ko goma ba shi da zaɓi face ya nemi ƙofar da za ta iya ɗaukar nauyinsu.

Ɗanmaraya ya sauke wannan nauyi gaba ɗaya. Abin kiɗansa yana shiga aljihun babbar riga, kuma abin da taron tasha zai tara ya ishi mutum ɗaya. ’Yancin zaɓen jigo daga nan ya fito. Wannan ne dalilin da ya sa bai kamata a raba nazarin turken “Karen Mota” da nazarin kayan kiɗanta ba, kamar yadda tsarin babi-babi na kundayen digiri yakan tilasta.

Sauke nauyin ya bar giɓi, kuma yadda aka cike giɓin shi ne gudummawar waƙar ta fuskar kiɗa. Kuntigi ne ya karɓi aikin ’yan amshi. Sautinsa siriri ne mai tsini, ana kaɗa shi da sauri, kuma idan murya ta tsaya sai tsirkiya ta ci gaba da maimaita raujin, ta riƙe wa makaɗin wurinsa har ya dawo. Tsirkiya guda ba ta iya fitar da sautuka biyu a tare, saboda haka ba ta da hanyar rufe murya, sai dai ta bi ta ko ta amsa mata. A harshe mai karin sauti irin Hausa, inda hawa da saukar murya suke bambanta ma’ana, wannan ba ƙaramar fa’ida ba ce. Kowace kalma tana fita sarai. Wanda ya taɓa zaman rubuta waƙar taushi ko ta kotso daga tsohon kaset, yana mayar da zare baya sau biyar domin ya kama kalma guda a ƙarƙashin ganguna, ya san bambancin.

Rashin ’yan amshi ya kuma buɗe wata ƙofa. Tun da babu mai jiran a ba shi gaɓar shiga, ɗan waƙa yana iya tsawaita gwargwadon bukatar zance, har ya zama labari. Wannan dama ce Ɗanmaraya ya faɗaɗa daga baya a “Jawabin Aure” da “Auren Dole” da “Gulma Wuya”, inda yake sauya murya ya zama miji, ya zama mata, ya zama tsohuwa mai kai gulma, shi kaɗai a zaune. Habib Ahmed Daba, wanda ya yi nazari mai zurfi a kan Ɗanmaraya ta fuskar ilimin al’adun gargajiya, da Graham Furniss a littafinsa na 1996 a kan adabin Hausa, duk sun ba waƙoƙinsa na zamantakewa muhimmanci. Irin wannan wasan kwaikwayo na mutum ɗaya ba zai yiwu ba a bakin makaɗin da amshi yake katse shi bayan kowane layi biyu.

Ba Ɗanmaraya ne ya ƙago kuntigi ba, tun da a hannun wasu ya gan shi, kuma ba shi ne makaɗin kaɗaita na farko ba, domin masu gurmi da kukuma sun riga shi. Abin da ya yi shi ne ya nuna cewa wannan ɗan ƙaramin abu, wanda ake yi wa kallon kayan wasan samari, yana iya ɗaukar zance mai nauyi. Makaɗan kuntigi da suka yi suna a bayansa, irin su Sani Ɗan’indo da Babangida Kakadawo, sun tarar da kunnen jama’a a buɗe.

6.0 Daga Bukuru Zuwa Roni

Roni tana cikin masarautar Kazaure tare da Gwiwa da ’Yankwashi, ƙasar da take ƙarƙashin Kano har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Tsakaninta da Jos tafiya ce mai nisa, kuma talakan ƙauyen Roni na shekarun 1960 ba shi da dalilin sanin wani matashi mai kaɗa gwangwani a Filato. Kiɗan da yake ji shi ne na gona da na biki da na dandali, sai kuwa na fada idan ya shiga Kazaure da salla.

Rediyo ce ta fara rushe wannan iyaka. Gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, ya zo daidai da yaɗuwar ƙaramar rediyo mai batir, wadda ba ta bukatar lantarki. A gaban makirfo guda na ɗakin ɗaukar murya, makaɗin kaɗaita ya fi ƙungiya sauƙin ɗauka, kuma siririn sautin kuntigi yana ratsa ƙaramar lasifika ba tare da ya dushe ba, alhali manyan ganguna sukan koma gunji. Abin da aka ɗauka rauni ne a filin sarki sai ya zama ƙarfi a cikin akwati.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya ƙarasa aikin bayan ya yaɗu a Arewa. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafi da rarrabawa, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a nazarinsa na 2008, kuma daga can kaset yake bin motocin haya zuwa kasuwannin ƙauye. A nan waƙar ta koma gidanta. Motar da take ɗauke da fasinjan Kazaure da Roni ita ce take ɗauke da rikoda, kuma mutumin da ake waƙa a kansa yana rataye a bakin ƙofa yana ji. Da wuya a sami wata waƙar Hausa da wurin sauraronta da abin da take siffantawa suka haɗu haka.

Kaset ɗin kasuwa bai san tsarin kundi ba. Mai kwafi yana cika gefe biyu da abin da ya samu, ya haɗa tsohuwar waƙa da sabuwa, ya rubuta sunan makaɗi da biro. Mawaƙan sitidiyo na wannan ƙarni, irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa, sun dawo da albam mai suna da shekara, amma masu tura waƙa a waya sun sake wargaza shi, domin mai saye yakan miƙa memori ne ya ce a zuba masa waƙa kaza da kaza. Mai sauraro a Roni yau, kamar kakansa mai rediyo, waƙa ɗaya-ɗaya yake sani.

7.0 Abin da Ya Biyo Baya, da Wani Gyara ga Manazarta

Ɗanmaraya bai tsaya a tasha ba. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa zuciya, ya kuma yi yabon mutanen da ya ga sun cancanta, har Jami’ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Wanda yake son ya mayar da shi mawaƙin talakawa tsantsa, wanda bai taɓa tsayawa a gaban mai mulki ba, zai sha wahala da tarihin. Amma zaren da ya faro daga “Karen Mota” bai tsinke ba. “Waƙar Sana’a” da “Lebura” da “Mai Akwai da Babu” duk suna tsaye a kan ginshiƙin da aka kafa tun farko, wato a ɗauki jinsin mutum a maimakon mutum mai suna, a siffanta halinsa da aikinsa, a bar jama’a su biya.

Gyaran da ya rage na hanyar nazari ne. An saba a kundayen ɗalibai a rubuta matanin waƙar baka a rataye, a ce an samo shi daga kaset ko daga intanet, a wuce. Makaɗin baka kuwa ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Wanda ya yi rabin ƙarni yana rera waƙa guda ya rera ta yana saurayi a gaban ’yan tasha, ya rera ta a ɗakin rediyo da agogo a gabansa, ya rera ta yana dattijo mai lambar girma a gaban manyan baƙi, kuma a kowane zama akwai abin da zai ƙara da abin da zai zubar. Duk hukuncin da za a yanke a kan salon Ɗanmaraya na farko, ko a kan yadda zolaya da tausayi suka auna a waƙar, ya dogara ne da wane rerawa aka saurara. Ya kamata duk mai nazarin “Karen Mota” ya faɗi a sarari ko daga faifan garmaho ya ɗauko ta, ko daga taskar gidan rediyo, ko daga kaset ɗin kasuwa, ko daga bidiyon wani taro, ya faɗi tsawonta da adadin ɗiyanta, sannan idan ya sami rerawa biyu ya jera su gefe da gefe kafin ya ce ga abin da Ɗanmaraya ya faɗa.